Yadda Za Ki Koyi Faransanci a Makarantar Jinya Ba a Kore Ki Ba

'Yata, idan kina karatun jinya kuma ranki ya raya miki ki koyi wani yare don nishaɗi, ki bi abin da zan gaya miki, ba za ki faɗi ba. Ni ban yi nisa a boko ba, na bari tun ranar da wani tsuntsu a taga ya fi malaminmu daɗin saurare. Amma jikata ta koyi Faransanci a gabana tana karatun jinya, kuma a jikina aka yi gwajin.

Mataki na ɗaya: Zaɓi lokacin da ba ki da lokaci

Kada ki fara a lokacin hutu, hutu na barci ne. Ki jira sai jarrabawar gwaji ta matso, wadda in aka faɗi sai an maimaita shekara. A nan ne kai yake buɗewa ga duk abin da ba a tambaye shi ba. Sai ki sa yaren a waya, ki toshe kunne, ki riƙa maimaitawa kina guge farin kayanki. In uwarki ta ce, “Ke, da wa kike magana?” ki ce karatu ne. Ai ba ƙarya kika yi ba.

Mataki na biyu: Nemi abokin hira marar gardama

A ɗakin gwajinku akwai ƙwarangwal ɗin roba a tsaye a lungu. Gaishe shi da Faransanci kullum. Ba ya gyara miki, ba ya kai ƙara, kuma haƙoransa a waje suke kamar yana jin daɗi. Na taɓa leƙa shi ta taga, na daɗe ina tunanin wane yare zai zaɓa da an ba shi harshe.

Mataki na uku: Yi hattara da kalmar da ta yi kama da ta gida

Wannan shi ne ramin. Wata rana jikata na zaune a ƙofar ɗakina da wayarta, sai ta kwashe da dariya har tana tari. Na ce, “Ke ja'ira, lafiya?” Ta ce, “Tsoho, ka san abin da yaran Faransawa suke cewa kashi?” Na ce ina zan sani. Ta nuna ni da yatsa, ta ce, “Kaka!”

Shekaruna nawa ina amsa wannan suna da alfahari. Tun daga ranar ba ta iya kirana ba tare da ta durƙushe ba. Ko wani ne ya faɗa a titi, sai ta dafa bango.

Mataki na huɗu: Hana tsohonki zuwa makaranta

Makarantarsu ta nemi dattawa su kwanta a matsayin marasa lafiya ranar jarrabawa. Na kai kaina, don an ce gadon da ake kwantar da mutane ana murɗa shi ya tashi da mutum zaune, ni kuma ina son in ga ikon Allah. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Aka buɗe labule, sai ga jikata, bayanta malamarsu da biro a hannu. Malamar nan an ce ko murmushi ɗaliba ta yi a gaban marar lafiya, ta faɗi ke nan. Jikata ta gan ni, ta matso. Ta gaishe ni da “Baba,” ta naɗa min abin awon jini a damtsen dama, komai lafiya lau.

Sai malama ta ɗaga kai ta ce, “Kin manta tambaya ɗaya. Tambayi kaka ko ya yi bayan gida yau.”

Mataki na biyar: In dariya ta taso, ba hannunki aiki

Na ga leɓenta na rawa. Ta kafe ido a kan agogon awo, ta kama 'yar robar nan ta hura iska tana matsawa, tana matsawa. Damtsena ya ɗaure, yatsuna suka fara tafiya wata duniya. Na san in na ce wash za ta fashe, in ta fashe shekara ta tafi. Sai na kalli silin, na ce da murya irin ta masu jinya, “Na yi, 'yar nan. Alhamdu lillahi.”

Malama ta ce, “Ya isa haka, hannu ne ba tayar keke ba.” Ta yi rubutu, ta wuce gado na gaba.

Jikata ta ci. An rubuta mata cewa tana da natsuwa ƙwarai, sai dai hannunta da nauyi.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan ta faɗi, babu ruwana, wataƙila tsohonta ne ba shi da juriya. Kada a kawo min ƙara, kada kuma a aiko a ce ana neman dattawa bana. Har yanzu da hagu nake ɗaga buta.