Zaɓen Gyaɗa a Asusunmu

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da zaɓen asusunmu na mata a Gidan Rumji ba. Lokacin dimokuraɗiyya ta shigo, rediyo ba ta da zance sai ƙuri'a, mu ma muka ce ba mu ƙara naɗa shugaba sai da zaɓe.

Mu biyu muka tsaya. Ni na ce abin da muka tara a sayi wake da gyaɗa tun da kaka, a riƙa haɗa wa yara garin kunu, don tamowa ta fara kama ɗiyan unguwa, har da autana. Rabi kuwa anko take so a ɗinka. (Ni da na yi aji huɗu a makarantar lakol, ko a mafarki ban ga Rabi ta kada ni ba.)

Ranar zaɓe ina can gida-gida ina zuba surutun neman ƙuri'a har aka gama bayanin yadda za a yi. Na iso kowa ta jefa tata, cikina ko koko babu. Inna Hajo, tsohuwar da ke tsaron ƙofa, ta miƙo mini ƙwayar gyaɗa ɗaya ta ce in shiga ɗaki. Na jefa ta baki, ina mamakin rowa irin ta Inna.

A ɗaki na tarar da ƙoƙuna biyu na gyaɗa mai gishiri, ɗaya da ɗan dama, ɗaya 'yan ƙwayoyi a gindi. Na ce madalla, ashe an tanadi abin taɓawa. Da yake ni mai wayo ce, sai na nufi mai yawan, wai kada a gane. Ɗanɗanawa na yi niyya, wallahi, sai ga ƙoƙo ya kusa yin fayau.

Na fito ina tambayar ina akwatin zaɓen. Inna Hajo ta dubi bakina, ta leƙa ɗaki, ta fito da salati.

"Ɗiyata, wane ƙoƙo kika taɓa?"

"Mai ganyen zogale a gefe."

"Naki ne. Kowace ƙwaya mace guda ce."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na roƙi a sake, Rabi ta ce a dimokuraɗiyya abin da aka tarar a ƙoƙo ake dubawa, na cikin ciki ba ya magana. Ni na ci ƙuri'a, ita ta ci zaɓe.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar ganin yara na shan kunu tsura duk ranin nan, uwayensu cikin sabon anko. Tun daga nan, in na ga abinci ba mai shi, sai na tambaya kafin in kai hannu. Ba don tsoron cin na wani ba, don kada in sake cin nawa.