Rasuwar Ma'aunin Gora na Pak Man Mai Labule

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Kamaruzaman bin Lazim, wanda mutanen garin Taiping suka fi sani da Pak Man mai labule, yana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki da maƙwabtan shago rasuwar ma'auninsa na gora, wanda ake yi wa laƙabi da Yatsa Huɗu. Ya rasu ranar Talata da hantsi yana bakin aiki, a falon Madam Ooi, yana da shekara shida a duniya.

An haifi marigayin a bayan shago, a hannun Halijah matar Pak Man, Allah ya jiƙanta, a shekarar da ciwon suga ya fara cin idon maigidan. Sana'ar Pak Man ita ce labulen taga mai saƙar zuma, wanda in ka leƙa shi ta gefe za ka ga ramuka a jere, su ne ke riƙe iska su tare zafin rana. Ramukan nan iri huɗu ne: mai milimita goma, mai sha uku, mai sha biyar da mai sha tara. Wanda zai canza labule ɗaya cikin ukun da ke falonsa, dole a san girman ramin sauran biyun, in ba haka ba sabon zai tsaya a tsakiyarsu kamar baƙo a hoton dangi. Faɗin taga da tsayinta ba su dami Pak Man ba, lambobin tef ɗin awo manya ne. Ƙananan layukan rula ne suka ɓace masa.

Halijah ta gani. Ta ɗauki gorar da aka dafa shinkafar Sallah a cikinta, ta fere yatsu huɗu da wuƙar albasa, kowanne daidai da rami ɗaya, ta yi musu tsaga a gindi don babban yatsa ya ƙirga, ta haɗa su da waya. Da safe ta ajiye masa kusa da kofin shayi ta ce, "Abang, maigidana, riƙa sa wannan a aljihu. Rular nan taka ta tsufa, ba ta gani sosai."

Marigayin ya yi rayuwa mai tsabta. Bai taɓa neman batir ba, bai taɓa ƙara wa rami ko rage masa ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce, a sauke labule har ƙasa, ninkin ya buɗe gaba ɗaya, domin ramin labulen da aka ɗaga rabi maƙaryaci ne. Sannan a zura yatsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi kaɗan zai yi lilo, wanda ya yi yawa zai tsaya a baki, wanda ya dace kuwa sai ya shige da 'yar ƙara, sut. A aljihu kuma muryarsa ƙas-ƙas ce, da ita masu shagunan layin ke sanin Pak Man ya iso tun kafin ya yi sallama.

Babban halinsa shi ne riƙon amana. Shekara shida yana rufa wa maigidansa asiri, har mutane suka ɗauka gwaninta ce. Sai ka ji ana cewa, ku dubi Pak Man, ko kallon labulen ba ya yi. Shi kuma sai ya ƙara ɗaga kai yana kallon silin, yana karɓar yabo ba kunya. Mai rubuta wannan sanarwa, wanda shagonsa ke jikin nasa, yana cikin waɗanda suka yaba, Allah ya yafe mana duka.

Asirin kuwa ba ƙarami ba ne. Pak Man na da 'ya guda, Suhaila, ma'aikaciyar jinya a can birnin Johor Bahru. Ranar addu'ar bakwai ta mahaifiyarta ta ce masa, "Abah, ranar da ido ko ƙafa ya ce ya gaji, za ka rufe shagon nan ka dawo wurina. Ba shawara nake nema ba." Ta gyara masa ɗaki a hawa na sha huɗu, da gado da kujera da taga mai kallon wata tagar. Pak Man ya shekara talatin da huɗu yana buɗe shagon nan da hannunsa, kuma yana tsoron ɗakin nan fiye da yadda yake tsoron ciwon. Marigayin ne kaɗai ya tsaya tsakaninsa da ɗakin.

Jinyar ta faro ne a daminar bara, kuma kowa ya san ruwan Taiping ba ya jin a bari. Da Halijah na raye, duk wata takan shanya marigayin a rana ta shafa masa man kwakwa. Bayanta babu wanda ya tuna. Ƙwaro ya shiga ya fara ci daga ciki. Pak Man ya riƙa jin gari a aljihunsa, ya ɗauka ƙurar hudar bango ce. Ramukan ƙwaron suna nan a fili, amma ƙanana ne, sai mai ido.

Ranar Talata ya sauke labulen Madam Ooi, tsohuwar malamar makaranta, ya zura yatsan sha uku, ya karye a ciki. Ya zura na sha biyar, ya marmashe a hannunsa. Ƙarar ƙarshe da aka ji daga marigayin ita ce ɗas, a hankali. Madam Ooi ta kawo rularta ta miƙa masa. Ya ɗora ta a gefen labulen ya daɗe yana dubawa, alhali bayan rular ne ke kallonsa, inda babu layi ko ɗaya. Matar ta juya ta a hankali, ta sunkuya ta ce, "Sha biyar ne, Pak Man. Ni ma sai da tabarau." Da zai sauka kuma ta riƙe masa gwiwar hannu har ƙasan bene, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ce wannan riƙon ya fi karyewar yatsun yi masa ciwo.

Marigayin ya bar tef, da tsani, da wayar da ta haɗa yatsunsa, da babur ɗin da aka jingine shekara uku ana ɗora wa ciwon gwiwa laifi. Ya bar Pak Man. Raju kafinta ya yi tayin fere wani da katako mai kyau cikin awa ɗaya, an gode masa ƙwarai. Pak Man ya ce ya gaji da kallon silin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a bayan shago, gindin tsamiyar da ke jikin katanga. Za a naɗe marigayin a ragowar yadin labule. Akwai shayi da soyayyar ayaba. Don Allah kada kowa ya zo da rula.

Jirgin ƙasan Suhaila, wadda za ta zo ziyara, zai iso ranar Asabar ɗin ƙarfe biyu, kuma har yanzu ba ta san komai ba, domin Pak Man ya ɗauki wayar salula sau uku ya kasa faɗa mata. An karanta masa wannan sanarwa sau biyu, bai canza kalma ko ɗaya ba. Ya dai ce a manna ta a ƙofar shago daidai tsayin 'yarsa, a rataye makullin shagon a ƙusa a ƙarƙashinta. Shi zai zauna a ciki yana jira. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya riga ta shiga.