Yadda Ake Gyaran Tsohon Rediyo Har a Yi Ta'aziyyar Mutum Biyu Masu Rai

Kai da kake son a riƙa kiranka metir, wato gwanin gyara, a Dakoro alhali turnabis na kwance kusa ma a baibai kake riƙe shi, matso kusa. Ni ne Zakiru. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran rediyo a rumfata ta bakin tasha, kuma har yau ban san abin da ke sa shi magana ba. Ka bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari wata ba zai cika ba sai sunanka ya kai Sabon Maci. Nawa har bayan Azagor ya kai, yanzu za ka ji yadda aka yi.

Mataki na 1: Ka tara matattu

Ka cika rumfarka da rediyoyin da suka daɗe da mutuwa, ka buɗe cikinsu, wayoyi su zubo. Kada ka gyara ko ɗaya. Mai wucewa ba ya cewa sun gagare ka, cewa yake aiki ya yi maka yawa. Ka rataya tabarau a wuya ko da idonka garau yake, ka soke turnabis a bayan kunne.

Mataki na 2: Ka karɓi aikin da ya fi ƙarfinka

Rediyon jin labarai kowa na taɓawa. Wanda ke ɗaga mutum shi ne rediyon kira da amsa, irin na da, mai kwalaben fitila a ciki da nauyin rabin buhun hatsi.

Irinsa Elhaji Jimrau ya kawo mini a amalanke. Dattijo ne da ya yi aikin allurar dabbobi har ya huta, idonsa ya yi rauni, matarsa Hajiya Fadimata ta rasu bara waccan. Yana da aboki, Malam Yazidu, da suka yi aikin tare, wanda ke zaune bakin wata rijiya arewa da Azagor, inda salula ba ta da rezo ko ka hau raƙumi. Shi ma yana da irin wannan rediyo. Shekara ashirin da shida, kowace Alhamis bayan la'asar, sai sun kira juna sun tambayi ruwa da ciyawa da ciwon gwiwa.

"Ɗana, ya yi shiru," in ji Elhaji. "Ka tashe shi kafin Alhamis, kar Yazidu shi yi ta kira babu amsa."

"Baba Elhaji, irin wannan ai da shi na koyi aiki."

Wallahi ranar na fara ganin irinsa. Kai ma haka za ka ce.

Mataki na 3: Ka buɗe, ka yi tsaki

Ka bari sai mai kaya ya tafi. In yana nan, ka leƙa ciki, ka ja dogon tsaki, ka ce "kondansater". Ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarta, ni ma ban tambayi kowa ba.

Da na buɗe na Elhaji sai ga ginin zanzaro, ɗan gidan laka, a tsakanin waɗansu fayafayan ƙarfe. Na sa tsinke na ɓamɓare, na hura, na haɗa da batir. Kwalaben suka yi ja, rediyo ya fara shuuu. Aikin ke nan gaba ɗaya, bai kai shan shayi ɗaya ba. Kada ka kuskura ka faɗa wa kowa haka. Gyaran da aka gama nan take ba ya da daraja, sai kayan sun kwana biyu a hannunka.

Mataki na 4: Ka goge, ka ƙara gogewa

Wannan shi ne sirrin sana'ar. Mutane ba su ganin cikin rediyo, bayansa suke gani. Ka samo tsumma da ɗan isansi, wato fetur, ka bi ko'ina.

A gaban na Elhaji akwai gilas, da allura a bayansa da ke tafiya in ka murɗa maɓalli. Lambobin da ke jiki duk sun koɗe. A kan gilas ɗin kuma ga wani jan tabo na goro ya bushe ƙamas, har da ƴan layi-layi a jikinsa. Na ce kai, tsofaffi da ƙazanta! Na dirje shi, bai fita ba. Na kankare da reza, na bi da tsumma, gilas ya fito tas har ina ganin haƙorana. Na lulluɓe rediyon da zane ina jin daɗin kaina.

Ranar Laraba Elhaji ya biyo da sandarsa.

"Ya tashi, Baba Elhaji. Kondansater ce. Gobe da hantsi zan kawo maka har gida."

"Madalla, Allah shi yi albarka. Ka dai kiyaye mini jan nan na gilas. Ni ba ni ganin lamba, kan shi nike tsai da allura in samu Yazidu."

Na ce, "Ai ko kusa da shi ban je ba."

Mataki na 5: Ka ci goro

A nan ne ake gane metir na gaske. Sakarai zai bi dattijo da gudu ya ce ya yi kuskure. Sai su zauna tare ranar Alhamis, su murɗa maɓalli sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan har su ci karo da muryar Yazidu, magana ta ƙare. To, ina metir ɗin yake a nan?

Kai ka sayi jan goro. Ka tauna, ka runtse ido ka tuno inda tabon yake, ka dangwala. Ni na tuna yana wajen dama, ko dai tsakiya-tsakiya ta wajen dama. Na dangwala, na shanya a rana, na kai masa. Elhaji ya kawo fuskarsa dab da gilas, ya ga ja, ya sa mini albarka har sau uku.

Mataki na 6: Ka ɗora wa sama laifi

Alhamis ta farko Elhaji ya kira, shiru. Ka ce iska ce. Ta biyu, ka ce hadari ne ya tare hanya. Ta uku ni da kaina na je na tsaya a bayansa, na harɗe hannu irin na masana. Yana riƙe da abin magana da hannu biyu.

"Alo Azagor, alo Azagor, Dakoro ke kira. Yazidu, kana jina?"

Shuuu kawai. Ya yi ta kira har aka yi kiran magariba, muryarsa ta dushe. Sannan ya ajiye, ya ce, "Rediyo lafiya lau yake, ga shi yana numfashi. Yazidu bai taɓa saɓa Alhamis ba, ko ranar da ɗiyarsa ta haihu sai da ya kira. Zakiru, Yazidu ya riga mu."

Gaskiya ta taso mini har maƙogwaro. Ka haɗiye ta, kamar yadda na haɗiye. Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Washegari Elhaji ya sa aka yi waina aka raba sadaka. An kawo mini tawa har rumfa. Na ci, kuma ba ta wuce mini da daɗi ba.

Mataki na 7: Ranar kasuwa kada ka fito

Ni na fito. Wajen azahar motar Azagor ta sauke wani dogon tsoho mai rawani, ya tsaya a bakin rumfata yana tambayar gidan marigayi Elhaji Jimrau. Ya ce Alhamis huɗu yana kira babu amsa, ya san abin da ya faru, ya zo gaisuwa. Tun asubahin jiya yake hanya.

Na nuna masa gidan da baki, ban raka shi ba. An ce da Elhaji ya ji sallamarsa sai da ya zame daga kan tabarma. An ce sun rungume juna suna kuka, kowa na ce wa ɗan'uwansa, "Ashe kana nan?" Mata suka fito da guɗa, unguwa ta cika.

Da la'asar sai ga su su biyu a rumfata. Malam Yazidu ya riga ya duba gilas, ya ce allurar ta yi nesa da wurinta da faɗin yatsa uku. Na shirya jin zagi, har na fara haɗa maganar kondansater. Elhaji bai ɗaga murya ba.

"Wurin allura ba komi, Alhamis mai zuwa za mu lalubo shi. Amma tabon nan, Fadimata ta yi mini shi lokacin da idona ya fara tafiya. Ta tauna goro ta danna da babban yatsanta, ta ce ga abokinka nan, kar ka ɓace." Ya dube ni. "Tsumman da ka goge da shi, ɗana, yana nan?"

Yana nan. Na riga na share baƙin mai na moto da shi. Na tono shi daga ƙarƙashin tebur, baƙi ƙirin, yana warin isansi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke shi huɗu, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Har ya ce mini na gode.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa, ko sadakar mai rai ce, ko doguwar tafiyar tsoho a bayan mota. Alkawarin suna dai na cika shi: yau daga Ɗan Gulbi har Azagor ba wanda bai san Metir Zakiru ba. In ka zo da ƙorafi ranar Alhamis bayan la'asar ba za ka same ni ba. Ina gidan Elhaji, ni ke tsai da masa allura, don ya hana a sake sa wani tabo a gilas ɗin.