Waifar Alhaji Ranar Roƙon Ruwa

Ko tsufa ya cinye ni ba zan taɓa mantawa da shekarar farin nan ba, ina sabon bakanike a Dogo Tebo. Lokacin shuka ya wuce, sama ko ɗigo, shanu sai zubewa suke a kasuwa.

Alhaji Modu, dillalin shanun da ke turo mini direbobi (ba don shi ba, ko keke ba mai kawo mini), ya zo da Landirobarsa da sabon injin waifa, mai goge gilashin mota, a kwali.

"Ɗaura shi yau," in ji shi. "Gobe roƙon ruwa. Kai za ka ja mu, ni da Liman."

Na dubi sama, na yi dariyar ciki. Na cire tsohon injin, na ɗaure sabon tam, sai wayar wuta ta gaza kaiwa. Wa zai shiga rana neman waya saboda ruwan da babu? Na cusa ta a lungu, na tafi shan shayi.

Washegari jama'a suka fita bayan gari, tsofaffi da yara, maza sun juya rigunansu. Liman na addu'a, masu furfura na kuka. Ba a shafa ba iska ta juya. Wallahi da idona na ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya haɗiye rana. Tsigar jikina ta tashi. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ana kabbara, wasu na sujada cikin taɓo. Ban taɓa jin ƙanƙantata irin ta ranar ba.

Muka shiga mota, ba a ganin komai ta gilashi. Alhaji, yana share hawaye, ya ce, "Kunna sabuwar waifa, yau ranarta ce."

Na murɗa. Shiru. Na sake murɗawa (kamar ban san dalili ba). Muna faɗawa wani rami wayar ta zazzago, tana lilo a gwiwar Liman.

Liman ya ɗaga ta, ya dube ni. "Ɗan nan, kai ma da mu ka ce amin?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya kwance rawaninsa ya miƙo mini, ya karɓi sitiyari. Haka muka shigo gari, ina maƙale a ƙofa ina goge gilashi da rawani, direbobinsa na nuna ni suna shewa.

Alhaji bai raba ni da direbobin ba, amma na kwashi darasi: in za ka roƙi Allah ruwa, ka fara haɗa waya.