Munzali da Sunan Ɓarawon Kaji

"Kaf Minna babu mai iya raɗa suna kamata. In na sa wa mutumin labari suna, sai ka rantse kun yi firamare tare!"

Munzali ke nan, mai shagon buga takardu a Tunga, gwanin cika baki, marubucin da bai taɓa kai labari shafi na uku ba. A 2006 ƙungiyar unguwar Shango ta ba shi aikin rubuta wasan kwaikwayo, shi kuwa ya ga hanyar burge Nana Aisha, wadda yake neman aure.

Wasan na wani ɓarawon kaji ne, suna kawai ya rage. Gogan ya buga "Zamani". Telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo da almakashi a hannu.

"Kajin wa na sata?"

"Au, ashe sunanka ne! Na ɗauka na shago ne."

Ya goge, ya buga "Luke". Magdalina mai abinci ta dire farantin shinkafarsa.

"Mijina ke nan fa, mai wa'azi a coci!"

Ta ɗauke farantin har da naman.

Da yunwa ta ci shi, sai ilhama ta sauko. "Ndakotsu Mamudu! Wannan daga ƙwaƙwalwata ya fito, ɗumi-ɗumi."

Ranar wasa fili ya cika. Nana Aisha na gefe, mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba Direba, yana kujerar gaba. Ana cafke ɓarawo da zakara a cikin riga, mai kajin ya kwarma ihu: "Ndakotsu Mamudu, yau asirinka ya tonu!"

Baba Direba ya miƙe a hankali.

"Na'am. Ga ni."

Sai a lokacin Munzali ya tuna inda ya ga sunan: jikin lasisin tuƙin da tsohon ya taɓa kawowa shagonsa a yi masa kwafi.

"Baba, wallahi ban san naka ba ne!" ya ce, gumi na tsiyaya. "Na ji dai ya dace da ɓarawo ne!"

Dariya ta ɓarke, Nana Aisha ta rufe fuska da mayafi.

Baba ya gyara hula. "Madalla. Tunda kai ne gwani, taimaka mini da suna ɗaya. Na angon 'yata nake nema. Na gwada Munzali, bai dace ba."