Kujerar Aski a Jirgin Kawu

A daminar bara abin ya faru, a mashigin ruwan Katanga. Yawan juyin da kujerar ta yi kaɗai shaidu suka saɓa a kai. Buhunan albasa na tare wa Kawu gani idan yana tuƙa jirginsa, sai na kafa masa kujerar shagon aski mai hawa da sauka. Awona daidai ne, ina kan bakana. Makullin hana ta juyawa na manta.

Yana murɗa inji, kujera ta juya da shi.

"Ɗan boko, bisa mi ka aza ni?" in ji Kawu. Jirgi ya daki gaɓa, albasarsa ta bi ruwa.

Yanzu a Jega Wanzamin Ruwa ake kirana, har dattawa na tuɓe mini hula in duba musu suma. Raina na ƙuna, kuma har yau ban gano wanda ya raɗa sunan ba: Kawu ne, ko mahaifiyata?