Biyu a Tara da Uku Sau Huɗu

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai aikina gaban malaman lissafi a Dutse ba.

Wata uku na shafe a ɗakina na unguwar Yalwawa ina gina wata manhaja. Tana zaune ne a kan sabar, wato wata babbar kwamfuta da ke intanet, ɗalibi ya turo mata lissafi ta wayarsa, ita kuma ta zana masa shi kamar bishiya, reshe-reshe, ya ga abin da ake farawa da shi da abin da ke biyo baya. Da farko tana da matsala: daga hagu take kamawa ta miƙe zuwa dama, ba ruwanta da cewa sau ake yi kafin tarawa. Na gyara a kwamfutata, na gwada, komai ras. Tura gyaran zuwa sabar ne kawai ban yi ba (amma ban manta da karɓo sabon kaftanina daga wajen tela ba).

Malamai sun zo daga Kiyawa da Taura, zaure ya cika. Na zuba bayani har da cewa manhajar ba ta kuskure, sannan na nemi wani ya gwada. Wani dattijo ya ɗaga hannu. Ashe Malam Sabo ne, wanda ya koya mini lissafi a aji ɗaya na sakandare. Da yatsa ɗaya ya danna 2 + 3 × 4 a wayarsa.

Bishiya ta fito a jikin bango ta majigi, kyakkyawa da ita. A ƙarƙashinta an rubuta 20.

Na buɗe baki na ce matsalar intanet ce (har yau ina jin kunyar wannan maganar). Malam ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, kuskurenka na aji ɗaya ne wannan. Ashe har kwamfuta ka koya wa?"

Aka yi dariya, gumi ya jiƙa mini kaftani. Amma da aka watse bai tafi ba. Ya zauna kusa da ni har na tura gyaran, 14 ta fito, ya ce ɗalibansa za su fara amfani da ita.

Tun ranar, kafin in yi wa kowa kuri, sai na ari wayar wani na gwada.